Shekarar da Hatsin Alhaji Labo Ya Tsiro

Ku ƴaƴana, na san abin da ake faɗa muku a Sabon Gari. Ana ce muku ubanku ya saci kamiyo, ya jiƙa hatsin mutane saboda ƙwallo, aka kore shi daga aiki. Innarku ba ta taɓa gyara wannan zance ba, sai ma ta ƙara masa gishiri in ta samu mai saurare. Ni ban yi nisa a lakkwal, makarantar boko, ba, amma hannuna yana iya riƙe bik, don haka zan rubuta muku yadda aka yi. Mota dai ban sata ba, ni ne shofer ɗinta, makullinta a aljihuna yake kwana. Hatsi kam ya jiƙe, wannan ba na gardama. Batun kora kuma, ku karanta zuwa ƙarshe ku gani ko kora ce.

Ƙungiyar ƙwallon unguwarmu, Sabon Garin Maraɗi, sunanta Guguwa. Tun ina yaro nake binta, lokacin da ba ta da mai ita sai mutanen unguwa. Tela ya ɗinka riguna, mahauci ya ba da romo ranar wasa, mu ƴan fada, samarin majalisar shayi, mu kawo baki da ganga. Ba mu taɓa cin wani abin kirki ba, amma in an ci mu, tare ake cin mu. Sai wata shekara manyan unguwa suka ce sun gaji, suka miƙa ta ga Alhaji Labo, ɗan kasuwar hatsi, wanda ni nake jan babbar motarsa tun kafin a haifi yayarku Nana. Ranar mun yi murna har da kashe akuya. Muna cewa kuɗi sun shigo Guguwa, za mu hau rukunin ƙasa, za a ji sunan Sabon Gari a rediyo daga Yamai. Ni da na fi kowa sanin mutumin ma na yi rawa. Shi kuwa abin da ya kai shi, ya ji ana kiran wani abokin hamayyarsa Perzidan, wato shugaban ƙungiya, a wurin ɗaurin aure, abin ya tsaya masa a rai.

Alhaji Labo sana'a ɗaya ya iya a duniya, kuma ya iya ta ƙwarai. Da kaka ya sayi hatsi da araha, ya zuba a mangazarsa ta Tibiri, ya rufe, ya jira rumbunan talakawa su yi ƙasa, sannan ya buɗe. Haka ya riƙe Guguwa, bai canza ko ƙwaya ba. Da kaka sai ya tara yaran ƙauye masu jini a jika, ya ajiye su, ya ba su shinkafa da wake. Da zarar yaro ya fara haske, ana kiran sunansa a fili, sai mu wayi gari an ce ya tafi Damagaram ko ya tsallaka Katsina. In ka tambaya, Alhaji ya ce farashinsa ne ya kai. Yadda yake zaɓen ɗan wasa kuma, ba a fili yake zaɓa ba, a bakin mangaza. Ya matsa ƙwaurin yaro kamar mai tayin rago, ya sa shi ya ɗauki buhu ya kai cikin mota. Mai tsaron gidanmu na wata shekara, dalilin ɗaukarsa shi ne in an jeho buhu daga saman kamiyo ba ya faɗuwa. Buhu kuwa ba ya lanƙwasa a iska, ƙwallo tana yi. Duk wadda ta zo masa a miƙe ya cafe, duk wadda ta karkace ya bi ta da ido har raga. Sannan Alhaji ya gano akwai waɗanda ake ciyarwa su zauna a benci suna kallo. Wannan abu ya hana shi sukuni. Daga nan duk wanda ba ya cikin sha ɗaya na farko, ranar wasa yana mangaza yana dako. Akwai ranar da ɗan bayanmu ya karye, aka aika kabu-kabu har Tibiri a ɗauko mai canjinsa, ya iso fari fat da ƙura kamar an tono shi, alƙalin wasa ya riga ya busa tashi.

Mai horar da yaran shi ne Mushe Abdu, tsohon malamin lakkwal, su ne ake kira Mushe, mutum mai haƙurin da har haushi yake ba ni. Shi ya je Jiratawa ganin ƙanwarsa, ya ga wani siririn yaro yana buga ƙwallo tsakanin fadamun zogale ba takalmi. Ya kawo shi. Alhaji ya matsa ƙwaurinsa ya ce wannan ko tiya biyu ba zai ɗauka ba, a mai da shi. Mushe ya roƙa, ya ce ba ya cin abinci da yawa. Wannan ce ta sa aka bar shi. Muka sa masa suna Ɗan Zogale. Kuma don ba shi da jiki, dillalan da ke zuwa saye ba su kula shi ba, ga shi Mushe yana cire shi da wuri duk ranar da ya ga baƙuwar fuska da babbar riga a bakin fili. Haka muka ɓoye shi shekara guda kamar yadda mace ke ɓoye kazar da ba ta so maigida ya yanka. Yaron nan ya yi ta zuba ƙwallaye, har muka wayi gari saura wasa ɗaya, a Tasawa, farkon damina. In mun ci, mun hau rukunin ƙasa. In ba mu je ba, an rubuta an ci mu, forfe kenan.

Kullum ni ke kai ekip wasan waje a bayan kamiyo. Ana jibi wasa na je wurin Alhaji a bakin mangaza in karɓi kuɗin esans, wato man mota. Yana zaune a tabarma yana tauna goro. Ya ce ranar nan motar ba ta da sarari, in loda hatsi a Tibiri da safe in kai Ƙwanni, mai saye yana jira. Na tuna masa ranar wasan Tasawa ce. Ya ce ya sani. Na ce to a ɗaukar wa yaran wata motar. Ya ce bai ga dalili ba. Sai na durƙusa sosai, na ce ranka ya daɗe, wasan hawa ne fa. Abin da ya faɗa mini har yau yana kunnena.

"Isuhu, in kun hau, wa za ya zuba esans zuwa Agadas da Difa? Kai? Na biyu ya fi na ɗaya albarka. Ana ganin yaranka, ana saye, ba ka tahiya ko'ina."

Na ce mutanen unguwa fa, shekara da shekaru suna jiran wannan rana. Ya ce mutanen unguwa su ci gaba da jira, jira ba ya cin mai.

Na koma gida ban iya cin tuwo ba. Innarku Rabi ta dube ni ta gane. Ita ƙwallo a wurinta ciwo ne da ke kama maza, kamar basir, ba a mutuwa amma ba a warkewa. Lokacin tana da cikin Bashiru, Nana da Sa'a suna ƙanana, gidan haya muke. Na faɗa mata abin da Alhaji ya ce, ina tsammanin ko sau ɗaya za ta taya ni jin zafi. Ta ce Alhaji ya yi gaskiya, ita ma da ita ce ba za ta kai ƙattai Agadas su yi guje-guje ba. Sannan ta aje ludayi ta ce:

"Malam, ka dube ni da kyau. Motar ga ita ce tukunyarmu. In ka juya kanta wani wuri ba Ƙwanni ba, to ka taho da ragar gola mu dafa."

Na ce mata wa ya ce zan juya. Ta ce fuskata ce ta ce.

Wallahi da niyyar Ƙwanni na fita. Ƴan dako suka loda motar har sama a Tibiri, muka ja tampol muka ɗaure, sabon tampol kore da Alhaji yake ji da shi. Na tayar, na fito bakin gudro, babban titin kwalta. Yamma Ƙwanni, gabas Maraɗi da Tasawa. Ina nan tsaye sai wayata ta yi ƙara, Mushe Abdu ne. Bai roƙe ni komai ba, mutumin nan bai iya roƙo don kansa ba. Cewa ya yi yaran sun taru a bakin fili da takalmansu a leda, ya rasa yadda zai gaya musu su koma gida, ko ina da wata kalma da zai yi amfani da ita. Na ce masa ya ce su sayi ruwa, ga ni nan. Ban yi wani dogon tunani ba. Lissafina shi ne in kai su Tasawa, a yi wasa, in dawo da su, in wuce Ƙwanni, hatsi ya makara da yini ɗaya. Hatsin da ya yi wata da watanni a rufe yana jiran talaka ya ji yunwa, yini ɗaya ba zai kashe shi ba.

Da na iso Sabon Gari, ba yaran kaɗai suka hau ba. Fadarmu duka ta hau, da ganga, da mai shayi da butocinsa, da wani tsoho da ya ce shi tun kafa Guguwa yake jira, in ya faɗo a hanya a binne shi a nan. Suka zauna a saman buhuna. Kafin mu kai Agye rana ta gasa tampol, suka fara kuka yana ƙona musu mazaunai, Mushe ya ce ƴan wasa za su isa a dafe. Muka tsaya a Gazawa muka kwance shi. Da aka shimfiɗa shi a ƙasa aka ga faɗinsa, wani ya ce kai, wannan ai tuta ce. Nan da nan aka samo farin fenti wurin mai gyaran mota. Aka yi ta gardamar abin da za a rubuta, wasu na son zagi har da uwa, Mushe ya hana. Ni na karɓi buroshi, tun da tampol ɗin a hannuna yake amana. Na rubuta da manyan baƙaƙe: ALHAJI MU BA HATSI BA NE. Na fara da girma da yawa, sai NE ɗin ƙarshe ya matse a gefe kamar yaron mota. Amma ana karantawa daga nesa.

A Tasawa na aje motar bayan katangar fili, can ƙarshe, buhuna a buɗe suna kallon sama. Sama kuwa fes take, ko gajimare babu. Muka ɗaga tampol a kan sanduna bayan raga. Wasan ba zan ba ku shi duka ba, don innarku ta ce in na fara ba na tsayawa. Sun fara cin mu, ƙwallo ta karkace, golanmu ya raka ta da ido. Ɗan Zogale ya farke kafin hutu. Bayan hutu muka yi ta dukan ƙofarsu ba ta buɗe ba. Kunnen doki ba ya yi mana amfani, sai ci. Ina cikin ihu sai na ji iska ta canza, mai sanyi, mai ƙamshin ƙasa. Na waiga gabas na ga hadari ya haɗo baƙi ƙirin, irin na farkon damina da ba ya sallama.

Duk shofer ɗin hatsi ya san abin da ake yi in an ga haka. Ba a tunani, gudu ake a ja tampol. Na kama gefensa na ce jama'a ku saki, hatsi na waje. Har sun fara saki. A daidai nan wani ƙato ya share ƙafafun Ɗan Zogale cikin gidan gola, arbit, alƙalin wasa, ya busa, ya nuna penalti.

Na ce a raina, bugu ɗaya ne, in gani in ruga. Amma penalti a garin mutane ba a buga shi haka nan. Ƴan wasansu suka kewaye arbit, magoya bayansu suka shigo, wani dattijo da sanda ya zo yana rantsuwa yaron da kansa ya faɗi don ba ya cin abinci. Ɗigon farko ya sauka a goshina. Kafin a kore mutane daga fili ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, duk jama'armu suka dunƙule ƙarƙashin tampol, har da tsohon nan da mai shayi da garwashinsa. Ruwa ya wanke farar ƙasar da aka sa alamar wurin bugu, arbit ya shiga aunawa da ƙafa, su ce ya yi kusa, mu ce ya yi nisa, ya sake. Mushe Abdu ya matso kusa da ni, ruwa na zuba daga gemunsa, ya ce a hankali:

"Malam Isuhu, tahi ka ruhe kayan mutane. In ta shiga za ka ji ihu."

Na ce masa: "Mushe, tun ina yaro nike jin ihun wasu. Wanga da idona za ni gan shi."

To ku ji da kyau, don nan ne mutane ke ƙarya a kaina. Ba mantawa na yi ba, ba kuma ruɗewa na yi ba. Ina tsaye ina jin ruwan nan yana sauka a kan buhuna kamar a bayana yake sauka, na san aikina ne ke jiƙewa, na san abin da Rabi za ta ce, na tsaya. Ɗan Zogale ya aje ƙwallo cikin taɓo, ya ja baya, ya cire takalman ya jefar, ya buga da ƙafarsa ta Jiratawa. Golansu ya tafi dama, ita ta tafi hagu. Ban san lokacin da na faɗi cikin ruwa ba. Na tashi na ga tsohon nan yana rawa da sandar tuta, bai mutu ba. A duk rayuwata, ban da ranakun da aka haife ku, ban taɓa jin abin da na ji a wannan lokaci ba, kuma ko cikin ranakun haihuwar akwai waɗanda bai kamata a gwada ba.

Da muka je ga motar, ruwa na tsiyaya daga ƙasanta kamar an matse wanki. Ƙwanni ta fita zance. Na mai da hatsin Tibiri, na aje makulli wurin mai gadi, na tafi gida. Innarku ta miƙo mini tuwo, ta tambaya ko na taho da ragar. Kafin a yi wata shawara, da zafin nan na damina, hatsi ya tsiro cikin buhuna. Saiwoyi farare suka huda suka fito, kowane buhu ya yi gemu. Mutanen Tibiri suka riƙa zuwa kallo.

Alhaji kuwa, labarin hawa ya riga ni isa. Manyan gari suka yi ta zuwa yi masa barka, ana Perzidan, Perzidan. Ya sa babbar riga aka ɗauke shi hoto da yaran, ya yi jawabi a rediyo cewa shi tun farko burinsa kenan. Hatsin ma bai yi asara ba. Ya sa aka shanya, ya sayar wa mata masu kunun zaƙi, tun da su tsiro suke nema, sauran kuma aka ce wani dillali ya kai ƙauyukan da ake dafa abin da ba a faɗa gaban malamai. Mutumin nan ko gobara ta kama shi sai ya sayar da toka.

Ni dai ina gida zaune, ba a kira ni ba, ba a ce an kore ni ba. Rabi ta yi ta yi har na yarda na ɗauki kawuna Malam Garba muka je ban haƙuri. Muka durƙusa a bakin mangaza. Kawu ya yi magana mai daɗi, ya ce sharrin shaiɗan ne da ƙuruciya, ni da furfura ta fara fito mini. Alhaji ya saurara, bai yi faɗa ba. Ya sa aka jawo tampol aka shimfiɗa gabanmu, ya ce in karanta masa, shi bai yi boko ba. Na karanta. Ya gyaɗa kai, ya ce rubutun ya yi kyau sai dai ƙarshen ya matse. Sannan ya ciro makulli daga aljihu ya aje a kan tabarma tsakanina da shi.

"Ga motarka, Isuhu. Na yahe. Gobe akwai kaya zuwa Yamai, ka sa yaron nan na Jiratawa gaba kusa da kai, ka miƙa shi ga waɗanda sunka saye shi. Kai ka kai shi Tasawa anka gane shi, kai ka tada farashinshi. Ban taɓa samun dillali kamarka ba."

Kawu yana taɓa ni da gwiwa in ɗauka. Na dubi makullin nan, na san kowane ƙarce da ke jikinsa. Na tuna cikin Rabi, na tuna mai gidan haya. Sai na ce ranka ya daɗe, hatsinka na kai shi duk inda ka ce shekara da shekaru, amma wannan kayan ba zan ɗauka ba. Ya ce to. Ya mai da makulli aljihu. Ya ce in tafi da tampol, ya ɓaci, ba ya son kayan da ke yi masa magana. Wannan shi ne sallamata duka. Kun ga kenan ba kora ba ce. Ni na bar makulli a tabarma.

Abin da ya biyo baya kun san wani. Kafin a fara wasannin rukunin ƙasa Alhaji ya sayar da duk mai iya tsayar da ƙwallo, ya cike gurbi da ƴan dako. Muka zagaya ƙasar nan ana loda mana ƙwallaye, muka dawo inda muka fito, shi kuma ya ce ai ya faɗa. Har yau Guguwa tana hannunsa, har yau ta biyu ko ta uku, har yau ina zuwa kallo, kada ku tambaye ni dalili.

Amma ga wanda ba ku sani ba. Innarku ta sayar da tumakinta, kawu ya cika, aka saya mini tsohon babur na shiga kabu-kabu. Ranar farko da na fito, ina tsaye bakin kasuwa ina jin kunyar a gan ni, sai ga wani siriri da sabuwar jaka yana ɗaga mini hannu. Ɗan Zogale ne. Tafiyarsa ta ɗan ja baya sai ranar. Ya hau baya yana washe baki, ya ce tasha za ni kai shi, motar Yamai, kuma in yi sauri kada ta tashi ta bar shi. Duk hanya yana ba ni labarin ɗakin da aka yi masa alkawari mai fanka. Na tambaye shi ko ya ji abin da ya faru tsakanina da Alhaji. Ya ce ya ji, Allah ya kyauta, amma da na kai shi a kamiyo da ya huta da kuɗin mota. Da muka isa ya nemi ragi.

Na koma gida na faɗa wa innarku. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, ta ce ashe dai ni aka rubuta zan ɗauki kayan nan, na ƙi a babbar mota na ɗauka a ƙarama. Washegari ta sa na kafa sanduna a tsakar gida, muka ja tampol ya zama rumfar girki. Da muka tashi zuwa unguwar Zariya ma da shi muka taho, shi ne wanda kuka girma a ƙarƙashinsa. Na so a juya rubutun sama don masu wucewa. Ta ce a'a, ƙasa zai kalla, daidai kan murhu, don duk ranar da tukunya ba ta cika ba in ɗaga kai in karanta.